Kunnen Kawu Arzika

Tun da muka dawo daga Malambil ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin tashar Bagudo, a makaranta, har a wurin ɗaurin aure, sai mutum ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sanda, wai da gaske ne sai da kuka kwana a hanya saboda mashin?" Wasu da tausayi suke tambaya. Wasu kuwa, irin su Malam Garba mai koyar da lissafi, sun riga sun ji rabin labarin, so suke su ji sauran daga bakina don su yi dariya da hujja. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska. Ban rage komai ba, har wuraren da na ji kunya, kuma su ne suka fi yawa.

Kawu Arzika wan mahaifiyata ne. Shekara da shekaru shi ne mai gyaran injin ban-ruwa a fadamun shinkafa, tun daga Tuga har Ka'oje da gaba. Shekara huɗu da suka wuce yanar ido ta fara rufe masa gani, har ta kai ba ya ganin komai sai haske da duhu. Tun daga lokacin aka daina kawo masa inji, ya koma zaman zaure. Ana gaishe shi, ana kai masa tuwo, amma ba mai tambayarsa komai. Ni ma ina cikin masu wannan laifin.

Ana cikin hutun damina sai 'yarsa Hajo, wadda ke aure a Malambil ta ƙasar Benin, ta bugo waya. Ta ce wani likitan ido ya zo asibitin garinsu yana cire yana, kuma ta sa an rubuta sunan babanta. Amma ranar Alhamis zai gama, duk wanda ba a duba ba kafin sha biyun rana shi ke nan, ba wanda ya san ranar da likitan zai sake dawowa. Ranar Talata da yamma ta bugo. Mota ba ta zuwa, don ruwa ya yanke hanyar Illo. Aka ce a ɗauko ɗan kabu-kabu, Kawu ya ce atafau.

"Ba ni hawa bayan wanda ban sani ba. In Sanda na kai ni, tau. In ba shi kai ni, ku bar ni da duhuna, mun saba."

Ni kuwa abin ya yi mini daɗi, don ina ji da mashin ɗina. Duk Juma'a sai na wanke shi, ina da sifana biyu da sukudireba a ƙarƙashin kujera, kuma na taɓa canza fulogi da hannuna. A ganina wannan ya isa a ce na san inji.

Muka tashi Laraba bayan sallar asuba, da niyyar mu yi la'asar a Malambil. Kawu ya riƙe ni tamau a ƙugu, sandarsa a ɗaure a gefen kariyar mashin. Muna hawa gadar Tuga ya ce, "Mun hau ruwa," tun ban faɗa masa ba. Can gaba muka wuce wata fadama ana jan ruwa daga gona da inji, sai ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Ka ji wancan? Ringi nai ya ci. Kwana goma ba shi ƙarawa."

Na ce, "Haka ne, Kawu," irin amsar da ake ba tsoho don a zauna lafiya. A zuciyata na ce mutum bai ga inji ba, yana wucewa a guje, ya ce ya san ciwonsa.

A Ka'oje muka karya da kunu da ƙosai, muka ɗauki hanyar Illo. Ba mu yi nisa sosai ba muka iske inda ruwa ya cinye hanya, faɗinsa ya kai filin ƙwallo biyu. Akwai jirgi babba yana ƙetarar da mutane da mashina. Na fara kama hannun Kawu na shigar da shi, na zaunar da shi can gaba tsakanin wasu mata masu kwandunan bandar kifi, sannan na dawo wurin mashin. Mai jirgin, wani ƙaƙƙarfan Basarke mai jan ido, cikin masuntan bakin kogi, ya tare ni.

"Malam, ba a sa mashin jirgina hakanan. In munka kwantar da shi mai na zuba, in yat taɓa kihin matan ga ni za su ci da rai."

Ya rufe famfon mai. Ya zaro wata leda mai kauri, irin ta sukari, ya ninka ta biyu, ya buɗe tankina ya shimfiɗa ta a baki, ya mayar da murfin ya danne har sai da ya yi ƙara. Muka kwantar da mashin a cikin jirgi, ko ɗigo bai zuba ba. Da muka ƙetare na kai hannu zan cire, sai ya ce, "Bar ta, Malam, damana ta. Ba ta barin ruwan sama shi shiga." Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har ina ayyana yadda zan koya wa 'yan majalisa idan na dawo. Kawu yana can gaba, matan nan na taimaka masa ya sauka, bai san an yi ba.

Mun yi kamar mil biyar sai mashin ya fara. Na murɗa totur zan hau wani ɗan tudu, maimakon ya ja sai ya yi kamar an shaƙe shi, ya yi shiru na ƙiftawar ido, sannan ya fizga. Na sassauta, ya daidaita. Na sake murɗawa, ya sake shaƙewa. Daga nan ya shiga tari, but-but-but, ƙarfinsa na raguwa, har ya mutu a tsakiyar hanya.

Abu na farko da na yi, wanda kuma na riƙa yi a kusan duk tsayawar da muka yi bayan nan, shi ne na sauke Kawu, na ja shi zuwa inuwar wata bishiya can nesa da titi, na zaunar da shi. A ganina ladabi ke nan. Na dawo na buɗe tanki na leƙa, mai na nan fiye da rabi. Na gyara zaman ledar da kyau, na rufe. Na taɓa wayar fulogi, na ɗan bubbuga kafireta da ƙotar sukudireba don a ga ina wani abu. Bugu ɗaya ya tashi, lafiya lau.

"Mi ya same shi?" in ji Kawu da na je ɗauko shi.

"Ba komai, Kawu, na gyara."

Mil biyar ko shida, ya sake. Haka muka yi ta yi har Illo: mu tsaya, in kai tsoho inuwa, in leƙa tanki, in bubbuga, ya tashi. A tsayawa ta uku Kawu ya ce, "Sanda, injin ga ƙishirwa shika ji. Mai ba shi kai mai." Na ce masa yanzu na duba, tanki na da mai.

A Illo na sami wani bakanike a gindin ɗorawa, dattijo mai fara'a. Da ya ji mun ƙetare ruwa bai ma bari na gama ba. "Ruwa na ya shiga kahireta, kullum hakanan muka gani. Ku zaunar da tsoho can." Aka kai Kawu benci can bayan rumfa. Mutumin ya kwance kwanon ƙasan kafireta ya zubar da man ciki, ya zaro jet ya ɗaga shi sama yana leƙen ɗan ramin, ya sa a baki ya busa, ya wanke da fetur. Ya ciro fulogi ya nuna mini, fari fat kamar an toya shi, ya ce ya tsufa, ya sa sabo. Ya ce in buɗe tanki ya ga kalar man. Na buɗe, ya leƙa, na mayar da ledata. Ledar ba ta dame shi ba, don rabin mashinan da ke hanyar nan da leda a bakin tanki suke yawo, sai dai tasu siririya ce ta sha huji. Mashin ya tashi yana ruri, ya zagaya da shi kasuwa ya dawo yana washe baki.

Don in kashe maganar ƙishirwa gaba ɗaya, na tsaya wurin masu kwalabe na cika tanki har baki. Wannan karon ko mil biyu ba mu yi ba ya shaƙe.

"Ka gani?" in ji Kawu daga bayana. "Da kac cika shi ya hi saurin mutuwa. Wanga ba ciwon kahireta ba na. Mi kunka..."

Rana ta take, gumi ya jiƙa ni, ga la'asar ta kusa ba mu ko kai iyaka ba. Na juyo na ce, "Kawu, don Allah ka bari. Masu ido ma sun duba ba su gani ba."

Har yau idan na tuna wannan magana sai na ji kamar in nutse. Hannunsa da ke ƙuguna ne kawai na ji ya saki. Haushi ya hana ni ko leƙa tanki, na kama tura mashin, Kawu kuma yana biye yana riƙe da kariya, yana laluben ƙasa da ƙafa. Mun yi tafiya mai nisa a haka. Da na gaji na buga, ya tashi, muka ɗan taɓa, ya mutu. Da turi da hawa muka shiga Lolo, garin bakin iyaka, ana kiran magariba.

Bakaniken Lolo matashi ne mai gilashi a goshi. Shi cewa ya yi man Illo ne ba kyau, an haɗa da kananzir. Ya juye tankin kaf a bokiti, ya tace man da tsumma, ya wanke soson iska, ya sake kwance kafireta ya lanƙwasa ɗan ƙarfen da ke riƙe da balbal ɗin ciki wai don mai ya riƙa taruwa da yawa, ya murɗa sukurun iska gaba ya murɗa baya. Na ce masa ko in bar mashin a nan mu nemi wata dabara da safe. Ya dafa ƙirji ya ce in mashin ɗin nan ya sake tsayawa kafin Kwatano, in dawo in karɓe sifanunsa duka. Ya hau ya je ya dawo, ba tari ba shaƙewa. Na mayar da leda da hannuna, na yarda da shi don ina son in yarda.

Kawu ne ya sama mana masauki. Ya ce in tambayi gidan Alhaji Nuhu, wani Badande manomin shinkafa. Da mutumin ya fito ya ga wanda ke tsaye a ƙofarsa sai ya yi kabbara, ya rungume shi yana gaisuwar Dandanci, "Fofo, fofo, sarkin inji!" Ya juyo gare ni da Hausarsa mai ɗan karkata ya ce, "Shekarar da injina ya mutu shinkafa na ciki, mutanen gari uku sun kasa. Wannan ya zo, bai taɓa ba, ya ce a tada. Ya saurara, ya ce a kwance wuri kaza." Na ga Kawu ya gyara zama, ya ɗaga kai, irin yadda ban gan shi ba shekara huɗu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, da kwaɗon zogale da suke kira kopto, wanda suke sa wa ƙuli da albasa fiye da namu har sai ya yi maiƙo. Su Dandawa ba sa barin baƙo ya ci shi kaɗai, maigida da ƙannensa duk sai da suka sa hannu a kwanonmu, suna tura mana tsokar kifi gabanmu. Na ci na ƙoshi, amma kunya ta hana ni buɗe baki in ce, Kawu, me ka so ka faɗa ɗazu? Na ce a raina ai an riga an gyara.

Da safe Alhaji Nuhu ya fito mana da hular kwano guda biyu. Ya ce a can ƙetare ba a wasa da ita, direba da fasinja duk sai sun sa. Kawu ya ƙi cire hularsa, sai a kanta aka kifa masa. "An sa ni cikin tukunya," in ji shi. "Ba ni jin komi. Dahome ɗin ga dai ba su canza ba, komi sai da doka." Shi har yanzu Dahome yake kiran ƙasar.

A shingen wajenmu aka duba katina na ɗan ƙasa, aka yi wa Kawu fatan alheri. A nasu shingen wani jandarma dogo ya zagaya mashin, ya ƙwanƙwasa hular Kawu da yatsa ya yi dariya, ya tambaye ni da Faransanci. Na tsaya ina zare ido, ni da nake koyar da Turanci. Da ya ga haka ya juya Hausa tsaf, ya ce ina za mu da Baba. Da na faɗa masa sai ya duba agogo ya ce, "To ku yi sauri. A nan idan sha biyu ta yi, ta yi." Abin da na lura da shi ke nan a ƙasar: da tsakar rana ofis da asibiti da manyan shaguna duk rufewa suke sai wajen ƙarfe uku, ba kamar mu da ake jan aiki har la'asar ana hamma ba.

Tun daga Madekali, garin farko, na fara ganin abin kallo. Mata ne a kan mashin, ba a baya ba, su ke tuƙi. Wata da goyo, wata da daro cike da albasa a ka, ta wuce ni fuu ko kallo ban ishe ta ba. Ga burodi dogo kamar sanda an jera a kwando. Da a ce hankalina a kwance yake da na more kallo. Amma muna fita garin na ji abin da nake tsoro: na murɗa, ya shaƙe. Tun daga iyaka dama ya yi mini sau ɗaya na ɓoye wa kaina. Yanzu kam ya yi tarinsa ya mutu murus, a fili fetal, ba bishiya ba gida, sai wata rumfar buhu can gaba da manyan kwalaben fetur a kan tebur. Na duba waya, sha ɗaya saura kwata. Hajo ta kira sau huɗu.

Na tura mu har rumfar, Kawu na zaune a kai. Mai fetur ɗin mace ce, babba, da ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki. Na kama hannun Kawu zan sauke shi, duk da ba inuwar da zan kai shi. Ya fizge.

"Ba ni sauka. Na gaji da zama inuwa." Ya sa hannu biyu ya tuɓe hular kwanon ya ɗora a cinya. "In ba mu samu likita ba, ba mu samu ba. Amma yau sai na ji abin da kuka yi ma mashin ga."

Matar ta ɗauko kwalba da mazurari, don a ganinta duk wanda ya turo mashin mai ne ya ƙare masa. Na sa makulli na murɗa murfin tanki. Sai ya yi wata 'yar ƙara, tsss, kamar an buɗe kwalbar lemo. Na ji wannan ƙarar ta fi sau goma tun jiya, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba.

"Tsaya!" Kawu ya daka mini tsawa. "Mi na na wanga?"

"Murfin tanki ne, Kawu."

"Tanki na shan iska in an buɗe shi? Kawo hannuna."

Na kai hannunsa bakin tankin. Yatsunsa suka taɓa ledar, suka murza ta, suka bi gefenta. Ya tambayi wa ya sa, yaushe. Na faɗa masa. Sai ya yi wata dariya da ta sa matar ta ja da baya.

"Sanda, ɗan makaranta. In ka cika buta ka toshe bakinta na bisa, ruwa na hita ta hanci?"

"Ba ya fita sosai."

"Tau murhin ga na da ɗan rami, nan tanki ka lumfashi. Mai na sauka, iska na maye wurinai. Kun toshe mai hanci tun jiya, kuna ta yanka kahireta ba ta ci ba ta sha ba. Dut wanda yab buɗe tanki shi ba shi iska, shi ɗauka shi yag gyara."

Na fizge ledar zan jefar, na ce mu tafi. Ya riƙe mini hannu. Ya ce shi bai taɓa sallamar inji bisa zato ba, ba kuwa zai fara yau ba. Na ce Kawu lokaci, ya ce minti biyu. Ya sa matar ta cika tankin, ya sa na mayar da ledar na rufe, ya laluba da kansa ya zare tiyon da ke kai mai kafireta ya sa bakinsa a kwalbar da ba komai. Mai ya zubo da ƙarfi, ya zubo, sai ya fara sirancewa, ya koma ɗigo. "Buɗe," in ji shi. Na buɗe murfin. Nan take man ya ɓarke kamar an kunna famfo.

Matar ta tafa hannu tana dariya har da riƙe ciki. Ta karɓi murfin ta juya shi, ta zaro allura daga ɗankwalinta ta sosa ɗan ramin, ta busa, ta nuna mini. Da guntuwar Hausarta ta ce, "Mu ma muna sa leda a jirgi. An ƙetare, an cire. Kai malam ne?" Na ce malam ne. Ta sake fashewa da dariya. Kawu ya mayar da tiyo, ya sa na tada, ya kara kunne, ya karɓi sukudireba ya laluba sukurun da yaron Lolo ya murɗe, ya dawo da shi kaɗan-kaɗan har ƙarar ta zauna daidai. Ya ninke ledar ya sa a aljihu, ya kifa tukunyarsa a ka.

Kafin in hau na durƙusa a gefen titi na ce, "Kawu, ka yafe mini maganar jiya."

"Hau mu tahi," in ji shi. "Ka biya da turi."

Ban taɓa jin daɗin ƙarar inji irin na wannan rana ba. Na murɗa, ya amsa. Na ƙara, ya ƙara. Hannun Kawu ya dawo ƙuguna, yana ta faɗa mini a kunne in sa giya ta huɗu, in rage, in bar shi ya huta a gangara, ni kuwa ina "To, Kawu," wannan karon da gaske. Muka shiga Malambil sha biyu saura 'yan mintuna. Hajo na tsaye a ƙofar asibiti da takarda a hannu, ta yi kuka har idonta ya kumbura, mai gadi ya riga ya jawo ƙyaure ɗaya. Ko gaisawa ba su yi ba, ta ja hannun babanta suka shige. Shi ne na ƙarshe da aka duba.

Da yamma aka yi masa aiki a ido ɗaya, na dama. Washegari da safe aka kwance bandejin muna tsaye. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi Hajo ya daɗe, ya ce ta yi kama da uwarta. Sannan ya juyo gare ni.

"Sanda, yaushe kay yi hurhura?"

Na yi dariya, na fita waje na yi kukana a bayan wata mota.

Kwana shida muka yi kafin a ce zai iya hawa mashin. Mijin Hajo ya zagaya da ni kasuwar albasa, wadda ban taɓa ganin irinta ba, buhu kan buhu har sama da kai, ana ciniki da Dandanci da Hausa da Faransanci a baki ɗaya. Na ci wagashi, cukun Fulanin can mai jan baya da ake soyawa a sa a miya, na kuma sha shayi da madara a kwano da dogon burodin nan wanda ya kusa cire mini haƙori. Kawu kuwa, da baƙin gilashin da aka ba shi, zama ya yi a ƙofar gida yana kallon komai, har awaki. A rana ta uku wani maƙwabci ya kawo masa janareto.

A hanyar dawowa mun tsaya mun gaida mai fetur, mun mayar wa Alhaji Nuhu hulunansa, kuma ban je karɓar sifanun yaron Lolo ba, ko da yake na yi niyya. Ruwan hanyar Illo bai janye ba, jirgin na nan, Basarken na nan da jan idonsa. Ya gane ni, ya ce yaya dabarar da ya koya mini. Na ce ta yi aiki fiye da yadda yake zato. Ya zaro sabuwar leda ya nufi tankina.

Kawu ya miƙa hannu ya cafke wuyan hannunsa, cak, ba lalube. Ya ciro tsohuwar ledar daga aljihu, ya shimfiɗa ta da kansa, ya rufe. Ya ce wa mai jirgin, "Dabararka na da kyau, kihin mutane ba shi ɓaci. Amma ka riƙa hwaɗa musu su cire in an ƙetare." Na matso zan kama hannunsa in shigar da shi kamar yadda na saba. Ya dubi hannun nawa, ya dubi bakin jirgin, ya ɗaga ƙafa ya taka ya shiga shi kaɗai, ya zauna kusa da mashin.

Da muka kai wancan gefen, shi ya buɗe tankin ya cire ledar, ya ɗaga murfin sama yana leƙen ɗan ramin da idonsa na dama har sai da ya ga haske ta ciki. Sannan ya miƙo mini sandarsa ya ce in ɗaure ta a kariya, in mun isa gida in ba wani mai bukata.